Rawayar Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu a wancan zamani ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son a kira ni sai ta ce, "Ku ce da waccan ta zo." In na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Kiru aka kai ni Ƙofa wurin Goggo, yayar babanmu, ita ta riƙe ni har ta aurar da ni. Mutane suna yaba wa Inna a kan haka, wai mace mai kunya da kawaici, ko kallon 'yar farinta ba ta yi. Su suna yabo, ni kuwa abin yana damuna.

Ƙanwata mace ɗaya ce, sauran duk maza. Ita ko tari ta yi a bayan ɗaki Inna ta ji. A cinyar Inna ake yi mata kitso, a kwanon Inna take cin tuwo, kuma a gabana take faɗa wa Inna magana gatsal, Inna ta yi dariya ta ce, "Ji ja'ira." Ni ko ja'irar ban taɓa samu ba.

A Kiru da kewaye an san Inna da iya shafen ɗaki. Ba sana'arta ba ce, sai wanda ta ga dama take yi wa. Sauran mata farar ƙasa suke jiƙawa su shafa da tsumma, in ka jingina ka tashi bayanka fari fat kamar ka kwana a buhun gari. Ita kuwa akwai wata ƙasa da take haƙowa a gaɓar wani rafi, ta tankaɗe ta, ta haɗa da saiwar rawaya da ta shanya ta daka, sannan ta jiƙa ƙaro ta tace ta zuba a ciki. In bangon ya bushe sai ya fito ruwan ɗorawa shar, yana ɗan sheƙi, kuma ba ya bin tufafi. Kafin ya bushe takan ja yatsu uku ta kewaye ɗakin daidai ƙugu, layi mai lanƙwasa yana hawa yana sauka. Yatsanta na tsakiya gajere ne, wani mugun ƙurji ya cinye kansa tun tana budurwa, saboda haka layin tsakiya bai kai na gefe zurfi ba, wani wurin ma sai ya ɓace ya sake fitowa. Ko a wane gari ka ga wannan layi, ka san hannun da ya bi wurin.

Lokacin aurena, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, na sa rai. Ban faɗa wa kowa ba, amma na sa rai har ina ganin ɗakin a ido. A nan Ƙofa aka ba ni, wata unguwa daban da ta Goggo, kuma maigidana ya gina mini ɗaki da 'yar rumfa a gabansa inda baƙi mata za su riƙa zama. Ranar jere na aika a leƙo mini ko Inna ta zo. Ta aiko da tabarma da ƙorai masu kyau ta hannun wata maƙwabciyarta, ita ba ta zo ba. Goggo, Allah Ya jiƙanta, ta ɗaura ɗamara ta shafa mini farar ƙasa iyakar ƙarfinta. Na gode mata, kuma har yau ina gode mata. Amma duk baƙuwar da ta zauna a rumfata sai ta tashi tana kakkaɓe mayafi.

Na yi shekaru a ɗakin kafin aka sa auren ƙanwata. Wani mai cinikin gyaɗa ne a Ƙafin Maiyaki ya aure ta, bayan kaka, lokacin da hannun masu gyaɗa ke da maiƙo. Ya gina mata soro, ciki da rumfa, rumfar ma sai ka shimfiɗa tabarma huɗu ba ta cika ba. Muka tafi jere ni da Goggo, ina da ƙaramin ciki a lokacin, ba wanda ya sani sai ita.

Tun daga tsakar gida na hango hasken ta ƙofa. Da na sa kai ciki sai na tsaya cak. Rana ta shigo ta 'yar taga ta bugi bangon, rumfar duk ta ɗauka, har fuskokin matan da ke ciki sun yi wani kyau da ba nasu ba. Inna ba ta tsaya a bango ba. Ta rina kaba da rawaya an saƙa faya-fayi an rataye su a jere. Tabarmar ma da ratsin rawaya. Ango ya sayo kwanonin langa daga Kano masu ruwan ɗorawa da bakin kore, an jera su a kan tukwane tun daga ƙasa har kusa da azara. An yi daɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, ƙasan ya yi ja yana ƙyalli, sai ya ƙara fito da bangon. Ga layin nan na yatsu uku ya kewaye rumfar, na tsakiya yana ɓacewa yana dawowa.

Wallahi ban ji daɗi ba. Ba zan ce na ji daɗi ba don a ce ni mutuniyar kirki ce. Na ji kamar in ɗebo toka in watsa.

Abin da ya fi ci mini rai ba bangon ba ne. Inna tana tsugune a lungu tana gyara wani ɗan wuri da ya tsage, hannunta rawaya har gwiwar hannu, ƙanwata kuma da aka kawo ta leƙa ɗakin a ɓoye tana zaune kusa da ita lulluɓe, suna ƙus-ƙus.

"Inna, can sama bai ji ba," in ji ƙanwata.

"Ke dai ba a iya miki. To miƙo mini ƙwaryar."

Na durƙusa na ce, "Inna, sannu da aiki."

Ta ce, "Yauwa," tana kallon bango. Sannan ta ce da Goggo, "Yaya, kun sha hanya. A ba su ruwa mana."

A ba su ruwa. Ni ce su.

Ƙanwata ta kama hannuna tana murna, ba ta san komai ba, ita kam zuciyarta fara ce. "Yaya, kin gani? Kwana da kwanaki Inna tana tankaɗen ƙasar nan. Ya yi kyau?"

Na ce, "Ya yi. Sai dai ya cika haske, zai riƙa sa miki ciwon kai."

Goggo ta zungure ni da gwiwar hannu har sai da na ji a haƙarƙari.

A hanyar komawa muka yi ta tafiya har muka yi nisa. Can na ce, "Goggo, ni ba ita ta haife ni ba ne?"

Goggo ta ce, "Rufa mana baki. So kike a ce uwarki ba ta da kunya? Ta zo gidan surukinta na fari ta tuɓe mayafi tana shafe, gari ya ɗauka? Kin san yadda ake yi."

Na san yadda ake yi. Sanin bai rage mini komai ba.

Na koma rumfata na zauna ina kallon farar ƙasar nan da ta fara yin dusu-dusu saboda hayaƙi. Da can ban ga muninta haka ba. Yanzu kuwa ko tuwo nake tuƙawa sai in ga rumfar Ƙafin Maiyaki. Duk wanda ya dawo daga kasuwar can sai ya kawo labari: wai matan unguwa suna zuwa kallo, wai wata amarya ta ce ita ma irin shi take so ko ta fasa tarewa. Maigidana, mutum ne mai sanyi, ya ga na rame ya zaci cikin ne.

Wata rana ya ce, "Wai me ke damunki ne?"

Na ce, "Bango."

Ya dubi bangon, ya dube ni. "Ya tsage ne?"

"Fari ne."

"To da wane iri ne?"

Na ƙyale shi. Namiji in dai rufi ba ya yoyo, shi ɗaki ya gama kyau.

Da zan iya aika wa Inna in ce ta faɗa mini inda take haƙo ƙasar da yadda take haɗawa. Amma ta wace fuska? Wadda ba ta kiran sunana, in je ina roƙonta ƙasa? Kuma in ta ce a ba su, fa? Na rantse a raina sai na yi rumfata ta fi ta ƙanwata, da hannuna, ba da taimakon kowa ba, labari ya je Kiru ya same ta.

Bazara ta shigo, ɗorawa ta nuna. Gidanmu akwai itatuwanta a gona, aka tsinko aka tara, muka ɓare, muka daka, muka tankaɗe garin. Ina zaune gaban ƙwarya cike da garin nan, rawaya shar, har ya fi na bangon Inna kyau, sai dabara ta faɗo mini. Na ce ashe abin a gabana yake. Mene ne wahalar zuwa rafi?

Na jira ranar da uwar mijina ta tafi barka, maza kuma suna sharar gona. Na dama garin ɗorawa da kauri a babbar ƙwarya, na zuba farar ƙasa kaɗan don ya kama, na ɗaura zane a ƙirji na hau shafe da cikina a gaba. Kafin la'asar na gama rumfar tas. Har layi na ja da yatsu uku, nawa duka ukun da zurfinsu. Na koma bakin ƙofa na tsaya ina kallo. Ya yi kyau, wannan kam ba mai ƙwace mini. Ranar na ji ni wata ce. Uwar mijina ta dawo ta leƙa, ta buɗe baki, ta shinshina, ta ce, "'Yar nan, me nake ji kamar ƙanshin ɗorawa?" Na ce sabon haɗi ne. Ta ce, "To, Allah Ya sa alheri," ta fita tana gyaɗa kai.

Washegari ƙudaje suka fara kawo gaisuwa. Kafin rana ta take, kiyashi sun yi layi daga bakin ƙofa har azara, sun bi ta cikin layin da na ja kamar don su na yi shi. Ina cikin sharar kiyashi na fita ɗebo ruwa, na dawo na tarar da awakin gidan uku a rumfata, sun ɗaga ƙafafun gaba sun dafa bango suna lasa. Na kore su da muciya, suka zaga suka dawo da 'yan'uwansu. Yaran gida da suka gane abin da ke nan, sai su shigo su gaishe ni da ladabin da ban san su da shi ba, in na juya baya su manna harshe. Ni kaina, tunda gaskiya ake faɗa, da kwaɗayin ciki ya motsa na ɗan ɓantari wani wuri a bayan ƙofa. Da zaƙinsa kuwa.

Cikin 'yan kwanaki bangon ya yi dabbare-dabbare. Daga ƙugu zuwa ƙasa awaki sun lashe har sai da jar ƙasar gini ta fito, daga sama kuma ya yi baƙi-baƙi yana tsami. Maigidana ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ai da farin ma ba laifi." Na shiga ƙurya na sha kuka.

Labari kuwa ya je Kiru, kamar yadda na yi fata, sai dai ba irin wanda na so ba. A bakin rijiya ana cewa in kana neman akuyarka ka duba rumfar wance. Ƙanwata ta aiko a gaishe ni, wai ta ji abin da ya faru, in ina so in zo in zauna a tata rumfar in huta. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, na sani, amma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na tambayi wadda ta kawo saƙon, a kaikaice, ko Inna ta ce wani abu. Ta ce Inna ta ji, ba ta ce komai ba, ta ci gaba da kaɗinta. Wannan ya fi dariyar bakin rijiya ciwo. Na kankare abin da ya rage na bar bangon haka nan, jar ƙasa tsirara, na ce kowa ya zo ya gani, haka 'yar fari take zama.

Da ciki ya tsufa na koma gidan Goggo, tunda ita ta riƙe ni, a wurinta zan yi wankan jego. Ƙarshen damina na haifi namiji. Ranar suna Inna ta zo, ta wuce kai tsaye bayan gida wurin tukwane, can ta yini tana tuƙi. Ba ta shigo ɗakin da nake ba. Na ji muryarta ta katanga tana cewa a ƙara wa mai jego kunun kanwa, shi ke nan rabona.

Na yi arba'in, aka yi mini kitso da lalle, Goggo da wasu mata suka raka ni ɗakina da hantsi. Tun a hanya nake jin nauyin shiga da baƙi rumfar nan mai jar ƙasa. Uwar mijina ta tare mu a tsakar gida tana wani murmushi, ta karɓi yaron, ta ce in shiga da bismilla.

Na ɗaga asabari, sai haske ya doke ni.

Rumfar ta zama rawaya tun daga ƙasa har sama, mai sheƙi, sumul. An sake daɓe. An wanke ƙoraina an jera, an rataye sababbin faya-fayi guda biyu masu ratsin rawaya. Na shafa bangon da tafin hannu na duba, ba abin da ya biyo ni. Sannan na ga layin, daidai ƙugu, yana hawa yana sauka. Na bi shi da ido. Biyu na gefe da zurfinsu, na tsakiya ya tafi ya ɓace, can gaba ya sake fitowa.

Na zauna a daɓen.

Na ce, "Wa ya yi wannan?"

Uwar mijina ta ce, "Wasu mata ne."

"Waɗanne mata, Iya?"

"Oho. Ni ina ɗaki."

Goggo kuwa ta shiga gyaran tabarmar da ba abin da ya same ta. Sai daga baya matar wan mijina ta tsegunta mini. Ta ce Inna ta zo daga Kiru a ƙasa, da ƙwaryar ƙasa a ka, ta sauka a wani gida a bayan unguwa. Ba ta shigowa sai ta tabbata maigidana ya tafi gona, kuma kafin ya dawo ta fice, don kada su haɗu da surukinta. Haka ta yi ta yi har ta gama. Ta roƙi mutanen gidan kada a faɗa mini. Ta kuma ce a riƙa ɗaure awaki.

Bayan 'yan kwanaki na fita yawon arba'in, na kai yaron dangi su gan shi. Da na isa Kiru na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, da na durƙusa a gabanta sai ya gudu. Na dubi hannunta a cikin faifai. Ta wanke shi, amma gefen faratanta da tsagar tafin hannunta duk rawaya ce, har kan guntun yatsan nan.

Na ce, "Inna, na ga ɗaki. Allah Ya saka..."

Ta katse ni, tana kallon wake. "Wane ɗaki? Ni me zai kai ni Ƙofa?"

Sai ta miƙa hannu aka kwanto mata yaron daga bayana. Jika kam ba kunya tsakaninsu, abokin wasa ne. Ta ɗaga shi tana jijjigawa, ta ce, "Kai, wannan angon nawa da ƙaton kai! Da me ka zo mini? Hannu wofi?" Ta ɗora shi a cinya, a daidai inda ƙanwata ke kwanciya a yi mata kitso, ta sunkuya kusa da kunnensa, amma da ƙarfin da zan ji.

"Angona, in kun koma ka faɗa wa mutanen ɗakinku, kada su jingina jiƙaƙƙiyar tabarma a bangon nan, ƙaro ba ya son laima. Duk shekara in damina ta wuce a goge shi da busasshen tsumma. Kuma ka ce musu ɗorawa ta sha ce." Ta shafa kansa da yatsun nan masu rawaya. "Ka ce musu na zuba ƙaron da yawa. Zai daɗe."

Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan zanena, ita kuma ta ci gaba da yi wa jariri tsiya a kan hancinsa.

Kada wani ya zaci daga ranar na daina jin haushin ƙanwata. Ban daina ba. Da ta zo ganin ɗakin ta zagaya ta shafa ta ce, "Yaya, naki ya fi nawa sheƙi," na ji sanyi a raina har na ƙara mata nama a miya. Amma ita ta zauna kusa da Inna tana shafe, ta miƙa mata ƙwarya, ta ce can bai ji ba, an ce mata ja'ira. Ni bango na tarar, ya riga ya bushe. Har yau in na tuna sai in ji ɗan haushin nan ya motsa, ga ni da furfura, ita ma da tata.

Shafen ya daɗe kuwa, kamar yadda ta faɗa wa angonta. Rumfar Ƙafin Maiyaki an sake mata shafe ba sau ɗaya ba, daga baya ma aka rushe aka yi ta siminti. Tawa na hana a taɓa. Shekarar da Inna ta rasu, da na dawo daga zaman makoki, na shiga rumfar na sa yatsuna uku a cikin layin na bi shi a hankali har na kewayo bakin ƙofa. Biyu na gefe sun zauna daidai. Na tsakiyan nawa ya yi tsawo, sai da na lanƙwasa shi.